Sarkin Kano Alu Mai Sango: Nasarar Jiya Ba Ma'aunin Gobe Ba Ce

Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Sarki Alu, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Malami ne, kuma jarumi. Da basasa ta tashi cikin 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, yana cikin manyan mayaƙan wansa Yusufu. Da Yusufu ya rasu, jama'a suka yi masa mubaya'a. Cikin 1894 ya shiga Kano da yaƙi, Tukur ya fita, aka kashe shi cikin 1895.

To, a ganinmu nan ne tushen abin da ya same shi. Duk mazajen da ya gwada ƙarfi da su, masu doki ne da mashi da bindigar toka irin tasa. Wanda ya saba kā da sa'o'insa kuwa, da wuya ya san iyakar ƙarfinsa.

Cikin Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano. Sarki ya karɓe shi da girma. Sa'an nan cikin Janairu 1903 ya tafi Sakkwato da manyan dakarunsa, ya bar birni ga ganuwa da 'yan tsaro. Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja waɗanda ba su kai 1,000 ba, amma da igwa da bindiga mai ruwa. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi cikin yini guda.

Labari ya iske Sarki a kan hanyar komowa. Ya rabu da rundunarsa da dare, Waziri Ahmadu ya ja wani ɓangare nata, ya faɗi a Kwatarkwashi. Aka kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926.

Ba mu ce da ya zauna da ya ci Turawa ba, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Abin lura shi ne, gwaninta ta gaskiya ce ta rufe masa ido. Akawun da ya ƙware a littafin haraji, da malamin da ya daɗe a aji ɗaya, kowa ya auna kansa da aikin da ke gabansa, kada ya auna da wanda ya wuce. Gani ga wane ya ishe wane tsoron Allah.

Allah ya jiƙan Sarki Alu, amin.