Anwar Hoja na Albaniya

An haifi Anwar Hoja a 1908 a garin Jirokasta, ƙasar Albaniya. Mahaifinsa Musulmi ne, falken yadi. Shi kansa ya taɓa riƙe kantin taba a Tirana kafin ya karɓi mulki a 1944 da aƙidar kwaminisanci. Da ya zauna daram sai ya murƙushe fatauci: kantuna suka koma hannun gwamnati, aka haɗe gonaki, mallakar mota ta haramta. Jama'a, ɗan falke fa!

A 1967 ya rufe masallatai da majami'u kaf, wasu aka mai da su ɗakunan ajiya. Ba fita waje, balle aikin Hajji. Mai ƙoƙarin tsallake iyaka, harbi ko kurkuku. Ya mutu a 1985, amma sai 1990 aka sake yin sallar jam'i a fili.