Asma'u ɗiyar Umais: matar da ta yi hijira biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A masallatanmu da makarantunmu muna yawan jin labarin Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (RA), yadda ya tsaya gaban Najjashi sarkin Habasha ya kare Musulunci. Ba kasafai muke ambaton matar da ta ƙetare teku tare da shi ba, ta zauna fiye da shekara 10 a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba. Ita ce Asma'u ɗiyar Umais (RA). Tarihinta yana da amfani ga duk matar da aure ya ɗauke ta daga garinsu, da duk mijin da ya ɗauko ɗiyar mutane ya kai ta nesa.

Asma'u ƴar ƙabilar Khas'am ce. Mahaifiyarta Hindu ɗiyar Aufu ta shahara da samun surukai masu daraja. Maimunatu, matar Annabi (SAW), ƴar'uwar Asma'u ce ta wajen uwa, haka ma Ummul Fadli matar Abbas. Ƴar'uwarta Salma kuma ita ce matar Hamza. Saboda haka a Makka Asma'u tana tsakiyar dangi, ko'ina ta waiga akwai ɗakin da za ta shiga. Ta musulunta tun da wuri, kafin Annabi (SAW) ya shiga gidan Arƙam, kuma ta auri Ja'afaru, yayan Aliyu (RA).

Da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Annabi (SAW) ya nuna wa sahabbansa Habasha, domin tana da sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ayarin farko ya fita a watan Rajab na shekara ta 5 bayan aiko shi, wato wajajen 615 Miladiyya. Daga baya wani ayari mafi girma ya bi, har adadin ya kai maza kimanin 83 da mata 18 ko 19. Asma'u da mijinta suna cikinsu. Don addini suka fita, kuma Ja'afaru ne ya zama bakin jama'ar a can.

Mu ɗan dubi abin da ta tarar. Makka kwari ne mai zafi da ƙarancin ruwa. Habasha kuwa, wadda fadarta take Aksum a arewacin Itopiya ta yau, ƙasa ce ta tsaunuka da sanyi da ruwan sama. Harshe daban, abinci daban, mutanen ƙasa Kiristoci ne. Kuma hankali bai kwanta nan da nan ba. Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyaututtukan fata don a mayar musu da masu hijira. Ja'afaru ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam, Najjashi ya yi kuka ya ƙi miƙa su. Bayan haka wani ya yi wa sarkin tawaye, Musulmi suka shiga fargabar kada a kayar da wanda ya ba su mafaka, har Allah Ya ba shi nasara.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne labaran gida da ke zuwa daga nesa, bayan komai ya riga ya wuce. Tana Habasha aka ƙaurace wa Banu Hashim a kwarin Abu Ɗalib. Tana can surukinta Abu Ɗalib ya rasu, Nana Khadija ma ta rasu. Tana can aka yi hijira zuwa Madina, aka yi Badar a shekara ta 2, aka yi Uhudu a shekara ta 3, inda aka kashe Hamza, mijin ƴar'uwarta Salma, ba ta samu zuwa ta zauna kusa da ita ba. Wasu daga cikin masu hijira sun koma da suka ji labarin Madina, amma gidan Ja'afaru ya ci gaba da zama. A cikin ƴar ƙaramar jama'ar tasu ma an ga jarrabawa: Ubaidullahi ɗan Jahshi ya bar Musulunci ya mutu a can, ya bar matarsa Ummu Habiba a baƙon wuri.

Asma'u ba ta naɗe hannu tana jiran ranar komawa ba. A Habasha ta haifi ƴaƴanta uku, Abdullahi da Muhammadu da Aunu, kuma Abdullahi ne ɗan fari da aka haifa wa Musulmi a ƙasar. Wasu masu tarihi sun ruwaito cewa an haifa wa Najjashi ɗa a kwanakin, ya sa masa suna Abdullahi, Asma'u ta shayar da shi tare da nata. Ta kuma buɗe ido ta koyi abubuwan da ta ga mutanen ƙasar suna yi. Shekaru bayan haka, da Nana Faɗima (RA) ta nuna damuwa kan yadda ake ɗaukar gawar mace da mayafi kawai, surar jikinta tana bayyana, an ruwaito cewa Asma'u ce ta nuna mata abin da ta gani a Habasha: ta lanƙwasa ɗanyun rassan dabino a kan makara, ta rufa tufa a sama. Faɗima ta yaba, kuma haka aka yi mata.

A shekara ta 7 bayan hijira Annabi (SAW) ya aiki Amru ɗan Umayya zuwa ga Najjashi, aka ɗauko sauran masu hijira a jiragen ruwa biyu. Suka iso daidai lokacin da aka ci Khaibar. Annabi (SAW) ya sumbaci Ja'afaru a goshi, ya bayyana cewa bai san wanne ya fi faranta masa rai ba, cin Khaibar ko zuwan Ja'afaru. Amma mu lura, Asma'u ba Makka ta koma ba. Madina ta zo, wani sabon garin, inda mutane suka riga suka yi shekara bakwai suna gina rayuwa tare ba da ita ba.

A nan ne abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya faru. Ta kai wa Nana Hafsa ziyara, sai Umar (RA) ya shigo. Da ya ji ko wace ce, ya kira ta ta Habasha, ta teku, ya ce su sun riga su hijira, don haka sun fi su cancanta da Manzon Allah. Asma'u ta fusata. Ta tuna masa cewa su suna tare da Annabi yana ciyar da mai yunwarsu yana karantar da jahilinsu, alhali su kuwa suna ƙasa mai nisa wadda rai ba ya so, ana cutar da su ana tsorata su, duk saboda Allah da ManzonSa. Ta rantse ba za ta ci ba ba za ta sha ba sai ta gaya wa Annabi, kuma ba za ta ƙara ko ta karkatar da magana ba. Da ta faɗa masa, sai ya ce Umar bai fi su cancanta da shi ba. Umar da mutanensa hijira ɗaya gare su, mutanen jirgi kuwa biyu. Abu Musal Ash'ari da sauran mutanen jirgi suka riƙa zuwa wurinta jama'a jama'a suna tambayarta wannan hadisi, babu abin da ya fi shi faranta musu rai a duniya.

Abin lura a nan shi ne, matar da ta haihu a Habasha, ta saba da mutanenta, ita ce kuma ta kira ta ƙasa mai nisa wadda rai ba ya so. Sabo bai goge kewa ba, kuma Annabi (SAW) bai ce mata ta yi shiru ko ta yi butulci ba. Ya lissafa mata waɗannan shekaru a matsayin lada. Shi kansa da zai bar Makka ya bayyana cewa ita ce mafi soyuwar ƙasa, kuma ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Da zazzaɓin Madina ya kama Abubakar da Bilal, Bilal yana begen kwarurrukan Makka, sai Annabi (SAW) ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ashe kewar gida ba raunin imani ba ce, kuma son sabon gari abu ne da ake roƙon Allah.

Zaman Asma'u da mijinta a Madina bai wuce shekara ɗaya da ƴan watanni ba. A shekara ta 8 Ja'afaru ya yi shahada a Mu'uta, a ƙasar Jodan ta yau. Ranar da labari ya zo, ta gama jima, ta kwaɓa gari, ta yi wa yara wanka ta shafa musu mai. Annabi (SAW) ya shigo ya ce a kawo masa ƴaƴan Ja'afaru, ya rungume su idanunsa suna zubar da hawaye, nan ta gane. Sai ya umarci iyalinsa su dafa wa gidan Ja'afaru abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Abu Dawuda ya kuma ruwaito cewa ya koya mata kalmomin da za ta faɗa lokacin baƙin ciki, waɗanda ke tabbatar da cewa Allah ne Ubangijinta kuma ba ta haɗa Shi da komai.

Daga baya Abubakar (RA) ya aure ta. A hanyar Hajjin Bankwana, shekara ta 10, ta haifi Muhammadu a Zul Hulaifa, Annabi (SAW) ya ce ta yi wanka ta yi ƙunzugu ta ɗauki harami, hukuncin da ɗalibai ke karantawa har yau. Da Abubakar ya rasu a shekara ta 13, ita ta yi masa wanka, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Sannan Aliyu (RA) ya aure ta, ta haifa masa Yahaya. Tana raye aka kashe ɗanta Muhammadu a Masar a shekara ta 38, ta kuma rayu har bayan shahadar Aliyu a shekara ta 40.

Yau ma ana ɗaura aure a Maraɗi a kai amarya Yamai, ko daga zangon Kumasi zuwa Akara, ko daga Garwa zuwa Yawunde. Ƴar'uwar da ta sami kanta a haka ta yi koyi da Asma'u: ta faɗi abin da ke damunta ba tare da ƙari ba, ta nemi jama'ar Musulmi a makarantar Islamiyya da maƙwabta, ta koyi harshe da sana'ar inda ta sauka, ta riƙe addu'a. Miji kuma ya sani kukan kewa ba raina gidansa ba ne. Ya saurare ta, ya bar ta ta gaisa da iyayenta a waya, ya ware kuɗin mota don ganin gida idan da hali, kada ya bar ta ta ji rasuwar nata daga bakin wasu. Mu kuma mutanen unguwa, musamman iyaye mata, idan an kawo baƙuwa kusa da mu, kada mu jira sai ranar suna ko ta'aziyya kafin mu aika mata da kwano mu leƙa ta.

Allah Ya ƙara wa Asma'u yarda, Ya sanyaya zuciyar duk wanda ke nesa da nasa, Ya sanya albarka a gidajenmu. Amin.