Marigayi Eli Mecnikof, Masanin Halittun Hanji

An haifi Eli Mecnikof a daular Rasha a shekara ta 1845. A 1882, da madubin likita, ya gano ƙwayoyin jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1908. A Cibiyar Pasteur ta Paris ya binciki ƙananan halittun da ke zaune cikin hanjin ɗan Adam. A ganinsa waɗansu suna zubar da dafi mai gaggauta tsufa, masu tsamar da nono kuwa suna danne su. Don haka kullum yakan sha nono mai tsami, dangin wanda matan Fulani ke talla a Kwaya da Magarya. Ya rasu a 1916. Nono bai hana tsufa ba, amma masana sun tabbatar lafiyar mutum tana tare da halittun hanjinsa.