TARIHIN NAM JUNE PAIK, WANDA YA MAI DA TALABIJIN ABIN KIƊA

Duk malamin da ya taɓa yi wa taro jawabi da makirufo ya san ƙarar nan mai huda kunne da kan tashi in ya matsa kusa da lasifika. Dalilinta kuwa shi ne, muryar da ta fita ta lasifika ita ke komawa cikin makirufon, ta sake fitowa da ƙarfi, ta yi ta kewayawa. To, hoto ma ya kan yi haka. In aka fuskantar da kyamara ga akwatin talabijin ɗin da ke nuna abin da ta ke ɗauka, sai hoton ya shiga haifar kansa, akwati cikin akwati, kamar madubi biyu suna duban juna. In an karkata kyamarar kaɗan, sai zanen ya yi ta murɗewa yana juyawa. Injiniyoyi sun ɗauki wannan abu aibi ne. A yau za mu ba masu karatunmu tarihin wani mutumin Koriya, makaɗin fiyano, wanda ya ɗauki aibin nan ya yi sana'a da shi.

An haifi Nam June Paik a birnin Seoul ran 20 ga watan Yuli, 1932, sa'ad da ƙasar Koriya ke ƙarƙashin mulkin Japan. Ubansa babban attajiri ne mai masaƙa, shi kuwa auta ne cikin 'ya'ya biyar. Tun yana yaro aka sa shi koyon fiyano, watau babban akwatin kiɗan nan na Turawa mai jerin maɓallai farare da baƙaƙe, wanda in an danna ɗaya sai ƙaramar guduma ta bugi tsirkiya a ciki. Cikin 1950 yaƙin Koriya ya tashe su daga gida, suka bi ta Hong Kong suka zauna Japan. Ya gama Jami'ar Tokyo cikin 1956, bayan ya rubuta bincikensa a kan mai tsara kiɗan nan Arnold Schoenberg, sa'an nan ya wuce Jamus ta Yamma neman ƙarin ilmi.

A garin Darmstadt, cikin 1958, ya gamu da John Cage, mutumin Amurka, wanda ya saba cusa ƙusoshi da guntayen roba tsakanin tsirkiyoyin fiyano don ya sāke masa murya. Gamuwar nan ita ta juya rayuwar Paik. Ya shiga neman tsofaffin fiyano yana yi musu aiki da hannunsa. Ya rataya musu agogo da kayan wasan yara da waya mai ƙaya, ya kuma ja wayoyin lantarki ya haɗa da maɓallan, har ya zamana in an danna wani sai fitila ta kama, in an danna wani sai rediyo ya yi magana ko iska mai zafi ta buso. Masu kallo da yawa suka ce hauka ne, musamman da ya sauko daga dandali a birnin Kolon cikin 1960 ya yanke wa Cage laktaye da almakashi. Amma a cikin shekarun nan yana keɓe kansa yana nazarin yadda wayoyin talabijin ke aiki.

Amfanin wannan nazari ya bayyana cikin watan Maris, 1963, a wani gida a garin Wuppertal, inda ya yi nuninsa na farko. Ya jera fiyanonin nan nasa, ya kuma cika ɗaki guda da akwatunan talabijin fiye da goma, kowanne ya sauya masa wayoyin ciki. Wani yana nuna hoto a murɗe, wani kuwa sai mai kallo ya yi magana cikin makirufo sa'an nan haske ya yi tsalle bisa ga ƙarfin muryarsa. Akwai ɗaya da ya lalace a hanya, ba ya nuna kome sai farin layi guda. Paik ya kifa shi a gefensa ya bar shi cikin nunin. Abokinsa Joseph Beuys ya zo da gatari ya farfasa fiyano ɗaya. Jaridu dai sun fi kula da kan sa da aka rataya a bakin ƙofa. Yanzu kuwa masana na lissafta nunin nan a matsayin mafarin fasahar bidiyo.

Abin da ya dami Paik shi ne, talabijin na yi wa mutum magana, mutum ba shi da ikon mai da masa martani. Gidan watsa labarai ya zaɓa, mai kallo ya zauna ya karɓa. Makaɗi kuwa ba haka ya ke da abin kiɗansa ba, abin da yatsunsa suka so shi ke fitowa. Saboda haka ya ƙudura sai ya ga an kaɗa hoto kamar yadda a ke kaɗa fiyano.

Cikin 1964 ya koma New York, inda ya yi zaman ƙunci na rashin kuɗi, shi da ya tashi cikin wadata. Can ya haɗa kai da Charlotte Moorman, gwanar babban goge irin na Turawa, suka yi shekaru suna wasa tare. Cikin 1965 ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan akwatin talabijin, hasken ciki ya lanƙwashe ya zama zane, kowa ya motsa ƙarfen sai zanen ya sāke. Daga 1969 zuwa 1970, a gidan talabijin na WGBH da ke Boston, shi da injiniya Shuya Abe na Japan suka harhaɗa wata na'ura mai karɓar hoto daga kyamarori da dama, ta gauraya su, ta rina su da launi, ta kuma mai da hoton cikin kansa kamar yadda muka bayyana a farko. Mutum na zaune gabanta yana murɗa maɓallai, hoto na bin kiɗa nan take. Cikin watan Agusta, 1970, suka yi awa huɗu suna watsa irin waɗannan hotuna kai tsaye tare da waƙoƙin Beatles.

Aikinsa da ya fi shahara ya fito cikin 1974, mai sauƙi ne ƙwarai: gunkin Buddha zaune gaban ƙaramin talabijin, kyamara na ɗaukarsa, yana kallon kansa ba iyaka. Ran 1 ga Janairu, 1984, ya haɗa New York da Faris ta tauraron ɗan Adam cikin shiri guda wanda miliyoyin mutane suka kalla. Cikin 1988, shekarar wasannin Olamfik na Seoul, ya gina hasumiya da akwatunan talabijin 1,003 a ƙasar haihuwarsa. Cikin 1993 aka ba da babbar lambar yabo ta nunin Venis ga rumfar Jamus, wadda ya yi aikinta tare da Hans Haacke. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi cikin 1996, amma ya ci gaba da aiki a kan keken guragu, matarsa Shigeko Kubota na kula da shi. Ya rasu a Miami ran 29 ga Janairu, 2006, yana da shekara 73.

Gādon da ya bari yana da wuyar riƙo. Zanen fenti ya kan yi ɗaruruwan shekaru a bango, amma akwatin talabijin mai ƙwan gilashi ya kan tsufa ya mutu, masana'antu kuma sun bar ƙera irinsa. Cikin 2018 aka kashe wutar hasumiyar nan don tsoron gobara, ba a sake kunna ta ba sai cikin 2022, bayan an gyara akwatuna masu yawa, an musanya waɗansu.

Muna jan hankalin malamanmu ga abu guda cikin labarin nan. Kusan kowane aji akwai yaron da ba ya ganin rediyo sai ya so ya kwance shi ya ga cikinsa. Kafin a yanke masa hukuncin ɓarna, ya kyautu a tambaye shi abin da ya ke nema, a kuma samo masa wani tsohon akwati da zai gwada hannunsa a kai.