Babban Gwani Muhammadu Durugu, Uban Magina

Duk wanda ya tashi a Fagge zamaninmu ya san cewa da damina ta ɗauke, magina ke bin gidaje suna yaɓe. Yau sai ka zaga unguwar har ka faɗa Sabon Gari ba ka sami mutum guda da ya iya ɗaurin guga ba. Wannan ne ya sa bana na ga ya dace mu waiwayi uban wannan sana'a, ko da yake Bazazzagi ne.

Muhammadu Durugu, wanda ake kira Malam Mika'ilu, ya rayu a ƙarni na 19, kuma ƙwarewarsa ce ta jawo masa laƙabin Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azarar giginya ya ɗaga ginshiƙai da bakan gizo, ya rufa su da tulluwa, ba siminti ba ƙarfe. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, don haka sai a jera ta gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har baka ya haɗu a sama.

A ganina, babban gadonsa shi ne almajiransa. A gidan magina yaro kan fara da kwaɓa ƙasa da mulmula tubali, sannan ya koyi cilla wa maigidansa shi bisa katanga. Sai ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa azara, balle haɗa makuba. Ta haka zuriyarsa suka riƙe sarautar magina a Zazzau, har unguwarsu ta ci sunan Babban Gwani. Ana ba da labarin cewa a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya gama wani masallaci, don kada ya yi wa wani sarki irinsa. Allah ne masani.

A shekarun 1970 aka kewaye masallacinsa da ginin siminti. Kwafinsa kuwa yana gidan tarihi na Jos, inda Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya sa maginan gargajiya suka tayar da shi. Irin waɗannan hannuwa Gidan Makama da ganuwar Kano ke jira duk bayan damina.