Wilt Chamberlain, Dogon Filadelfiya

Ƙwallon kwando, wanda wasu suke kira basket, da hannu ake yin shi. Kowace ƙungiya tana da mutum 5 cikin fili. Akwai kwando biyu, ɗaya a kowane ƙarshen fili, an rataye su sama, mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Kwandon ba shi da gindi, zoben ƙarfe ne da raga. Idan ƙwallo ya shiga ta sama ya faɗo, ƙungiya ta samu maki.

Cikin mutum 5 ɗin nan akwai ɗaya da yake tsayawa kusa da kwando. Galibi shi ne ya fi kowa tsawo. Ana kiran shi ɗan tsakiya. Shi ke jefa ƙwallo daga kusa, shi ke tare jifar abokan hamayya. In kuma an jefa ƙwallo bai shiga ba, ya bugi ƙarfe ya dawo, shi ke tsalle ya cafe. Wannan labarin wani ɗan tsakiya ne na ƙasar Amurka, sunansa Wilt Chamberlain.

Yaron da ya fi ƙofa tsawo

An haifi Wilt ran 21 ga watan Agusta na 1936 a birnin Filadelfiya. Iyayensa baƙar fata ne, talakawa masu neman na kansu. Ubansa yana walda da ƴan gyare-gyare, uwarsa tana aiki a gidajen mutane. Su 9 ne ƴaƴan gidan. Yana ƙarami ciwon huhu ya kama shi, har aka fid da rai. Ya warke, amma ya yi asarar shekara guda ta makaranta.

Bayan haka sai ya yi ta tsawo kamar kara da damina. Yana shekara 10 ya kai mita 1 da santimita 83. Da ya gama girma, tsawonsa mita 2 da santimita 16 ne. Ku auna wannan a bangon aji ku gani. Ba ya shiga ɗaki sai ya sunkuya, har abokansa suka yi masa laƙabi da wannan sunkuyawa. Ya so laƙabin nan. Wanda bai so ba shi ne na ƴan jarida, da suka kamanta ƙafafunsa da dogayen sanduna.

Da farko ba ƙwallon kwando ne a ransa ba. Gudu da tsalle ya fi so, ya kuwa iya su ƙwarai. Amma a Filadelfiya kowane yaro ƙwallon kwando yake yi, shi ma sai ya shiga. A makarantar sakandare ta Overbrook ya taɓa cin maki 90 cikin wasa guda. Tun daga nan manyan makarantun ƙasar suka fara neman shi.

A Kansas

A 1955 ya tafi jami'ar Kansas, cikin garin Lawrence. A zamanin nan akwai gidajen abinci da yawa a garin da ba su yarda baƙar fata ya zauna ya ci ba. Wilt bai kula da wannan hani ba. Inda ya ga dama yake shiga, ya zauna, ya jira a kawo masa abinci.

A 1957 ya kai makarantarsa wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka. Suka haɗu da jami'ar Karolina ta Arewa. Mutum biyu, wani sa'i uku, suka dinga kewaye shi don kada ƙwallo ya isa hannunsa. Lokaci ya cika ba wanda ya rinjayi wani. Aka ƙara lokaci sau ɗaya, sau biyu, har sau uku. A ƙarshe Karolina ta ci 54 da 53. An zaɓi Wilt gwanin gasar, amma kofi ya tafi wani gida. Wannan maki ɗaya ya daɗe yana ci masa rai.

Bai gama jami'a ba ya fita. Dokar babbar gasar Amurka, wadda ake kira NBA, ba ta ba shi damar shiga nan da nan ba, sai ƴan ajinsu sun gama karatu. Ya yi shekara guda tare da Harlem Globetrotters, wata ƙungiya mai haɗa ƙwallo da ban dariya. Da su ya je har Mosko a 1959. A shekarar nan ya shiga ƙungiyar Warriors ta garinsu Filadelfiya. Tun shekararsa ta farko ya fi kowa cin maki, ya fi kowa cafe ƙwallo, aka zaɓe shi gwanin shekara.

Daren maki 100

Wasan NBA minti 48 ne, an raba shi kashi 4. Ɗan wasa yakan fita ya huta, wani ya canje shi. Wilt ba ya son hutawa. A shekarar wasa ta 1961 zuwa 1962 an yi wasa 80, minti 8 kaɗai ya yi a waje, shi ma alƙalin wasa ne ya fitar da shi. Ya ci maki 4.029, wato sama da 50 a kowane wasa. A lokacin nan babu jifar nesa mai maki 3 da ake yi yanzu. Ƙwallo in ya shiga maki 2 ne, jifar kyauta kuma maki 1.

Jifar kyauta ita ce wadda ake ba ɗan wasa idan an yi masa laifi. Yakan tsaya bayan layi shi kaɗai, ba mai tare shi, ya jefa. Abin mamaki, a nan ne ƙaton yake da rauni. Mutumin da uku ba su iya tsai da shi, in an bar shi shi da kwando sai hannunsa ya ƙi. Duk tsawon wasansa, wajen rabin jifar kyauta ne kawai yake shiga masa. Abokan hamayya sun san haka, don haka da gangan suke riƙe shi, suna bugun shi.

Ran 2 ga watan Maris na 1962, Warriors suka yi wasa da Knicks na birnin Niyu Yok. Ba a babban birni aka yi shi ba. A Hershey aka yi, wani ƙaramin gari inda ake yin shokola. Mutum 4.124 suka zo kallo, kujeru da yawa ba kowa. Ba a nuna wasan a telebijin ba, sai dai rediyo.

Kashin farko Wilt ya ci maki 23. Da aka kai rabi yana da 41. Wannan bai ba kowa mamaki ba, an saba. Kashi na uku ya ƙara 28, ya zama 69. Nan ne ƴan kallo suka farga. Mai shela ya dinga faɗin lissafi duk sa'ad da ƙwallo ya shiga, jama'a suna ihu a miƙa wa Wilt. Ƴan Knicks ba su son a ce a kansu aka yi wannan abu. Suka dinga jan lokaci, suna yi wa sauran ƴan Warriors laifi don kada ƙwallo ya je wurinsa. Duk da haka bai tsaya ba. Saura daƙiƙa 46, wani abokinsa mai suna Joe Ruklick ya miƙa masa ƙwallo, ya saka. Maki 100 sun cika. Yara suka kwararo cikin fili, aka tsai da wasa.

Warriors sun ci 169 da 147. A daren nan har jifar kyauta ta ba shi haɗin kai: ya jefa 32, guda 28 suka shiga. Wani ma'aikacin ƙungiyar, Harvey Pollack, ya rubuta 100 a farar takarda ya ba shi ya riƙe, aka ɗauki hoto. Hoton nan ya zagaya duniya. Shekaru da yawa bayan haka, a 2006, Kobe Bryant ya ci 81 aka yi ta magana, ga shi kuwa da sauran 19.

Shi da Bill Russell

To, mai maki 4.029 ya ɗauki kofi a shekarar? Bai ɗauka ba. Ƙungiyar Celtics ta birnin Bostan ce ta fitar da su, 109 da 107, a wasa na bakwai. Ko gwanin shekara ba shi aka ba ba. An ba ɗan tsakiyan Bostan, Bill Russell.

Russell bai kai Wilt tsawo ba, bai kai shi ƙarfi ba, bai kai shi cin maki ba. Ran 24 ga Nuwamba na 1960 Wilt ya cafe ƙwallo sau 55 cikin wasa guda, a gaban Russell ɗin, amma Bostan ce ta ci wasan. Haka abin ya yi ta faruwa. Russell yana tsare kwando, ya cafe ƙwallo, ya miƙa wa abokansa su ruga su saka. Su kuwa abokan Wilt sau da yawa sai su miƙa masa su tsaya suna kallo. Sau 8 ƙungiyoyin mutanen biyu suka haɗu a wasannin neman kofi, sau 7 ta Russell ce ta wuce.

Mutane suka fara cewa Wilt kansa kaɗai ya sani, lissafinsa yake yi wa wasa. Maganar ba ta cika adalci ba, domin Bostan tana da gwanaye da yawa, kuma wasu wasannin da maki ɗaya ko biyu aka rabu. Amma in ya ci sai a ce ai ƙato ne, me zai hana. In an cinye su sai a ɗora masa laifi. Har doka aka canza saboda shi: a 1964 an faɗaɗa wurin da ke gaban kwando, inda ba a yarda mai kai hari ya daɗe tsaye ba, don a nisanta shi da kwando.

A waje da fili kuwa shi da Russell abokai ne. Idan Bostan ta zo wasa Filadelfiya, Russell yakan ci abinci a gidan su Wilt, sannan su tafi fili su kara.

Kofi

Warriors sun ƙaura zuwa San Faransisko a 1962. A 1965 Wilt ya dawo gida, cikin wata ƙungiyar Filadelfiya mai suna 76ers. Shekara 7 a jere shi ne ya fi kowa cin maki a NBA, ba kofi ko ɗaya. A 1966 aka kawo mai horo Alex Hannum, mutumin da ba ya tsoron gaya masa gaskiya. Ya nuna masa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga Hal Greer, ga Chet Walker, ga Billy Cunningham, duka sun iya jifa. Ya nemi Wilt ya rage jefawa, ya tsare kwando, ya dinga miƙa musu.

Ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda ya saba cin 50 ya koma 24. Wilt ya yarda. A shekarar nan suka ci wasa 68, aka cinye su 13 kawai. Suka haɗu da Bostan, wadda ta ɗauki kofi shekara 8 a jere, suka fitar da ita. A wasan da ya raba gardama Wilt ya ci maki 29, ya cafe ƙwallo sau 36, ya miƙa wa abokansa suka saka sau 13. Daga nan suka doke tsohuwar ƙungiyarsa Warriors, suka ɗauki kofin 1967. Shekarar da ta biyo baya, ba wanda ya kai shi yawan miƙa ƙwallon da aka saka: sau 702.

A 1968 ya koma Lakers ta Los Anjalas. A wasan ƙarshe na 1969 suka sake haɗuwa da Bostan. Saura ƴan mintoci ya ji ciwo a gwiwa, ya fita. Da ya nemi komawa, mai horo ya ƙi. Aka cinye su 108 da 106. Russell ya faɗa a bainar jama'a cewa ciwon bai kai a fita ba. Wilt ya ji zafin maganar. Suka yi fiye da shekara 20 ba su shiri, sai da Russell ya ba shi haƙuri.

Kofi na biyu ya zo a 1972, yana shekara 35. A shekarar nan makinsa bai kai 15 a wasa ba, Jerry West da Gail Goodrich ne masu jifa, shi yana tsaro da cafewa. Lakers suka ci wasa 33 a jere. A wasan ƙarshe da Knicks hannunsa yana da karaya. Aka naɗe masa shi, ya shiga, ya ci maki 24, ya cafe ƙwallo sau 29.

Ya bar wasa a 1973. Ya yi wasa 1.045, ya ci maki 31.419, ya cafe ƙwallo sau 23.924. A NBA, wanda ya yi laifi 6 cikin wasa guda fitar da shi ake yi. Duk da bugun da ya sha shekara 14, ba a taɓa fitar da shi ta wannan hanya ba.

Bayan haka ya juya ga ƙwallon raga, wato bolebol, yana yi yana kuma taimakon masu yi. Ya daɗe bai koma Kansas ba, yana zaton mutanen can suna riƙe da shi a kan maki ɗayan nan na 1957. A watan Janairu na 1998 suka gayyace shi don su rataye rigarsa mai lamba 13. Ya zo sanye da tsohuwar rigarsa ta jami'a. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, shi kuwa idanunsa suka cika da hawaye.

Ya rasu ran 12 ga Oktoba na 1999 a gidansa na Los Anjalas, ciwon zuciya ne ajalinsa. Shekararsa 63. Bill Russell, mai kofi 11, yana cikin waɗanda suka tashi suka yi jawabi a taron makokinsa.