Paul Ehrlich, likitan da ya rina jini don a ga cuta

Idan kaska ta addabi kare a Lagdo, ya daina cin abinci, zazzaɓi ya rufe shi, wani lokaci har da haɓo, likitocin dabbobi kan zargi ƙwayar cutar Ehrlichia canis. Sunan wani likita Bajamushe ne ta ci, Paul Ehrlich.

An haife shi ranar 14 ga Maris 1854 a Strehlen, garin da ke cikin Poland a yau. Tun yana ɗalibi rinin tufafi na masana'antu ya ɗauke masa hankali, ya lura kowane rini da abin da yake kamawa a jikin mutum. A Berlin ya riƙa shafa jini a kan gilashi, ya busar, ya rina, har ya bambance nau'o'in fararen ƙwayoyin jini. Tarin fuka ya kama shi, ya tafi Masar jinya a 1888. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1908, a 1910 kuma ya fito da Salvarsan, maganin tunjere. Ya mutu ranar 20 ga Agusta 1915.

Sai a 1935 Donatien da Lestoquard suka gano ƙwayar karnukan a Cibiyar Pasteur ta Aljeriya, a cikin fararen ƙwayoyin jinin da aka rina. A 1945 aka sa mata sunansa.

Har yau rina jini na cikin gwajin farko a ɗakunan binciken cututtukan dabbobi irin su LANAVET da ke kusa da Garwa. Sai dai wannan ƙwaya takan ɓuya wa madubin likita, shi ya sa ake tabbatarwa da gwajin PCR kafin a ce kare ba ya ɗauke da ita.